Makantar da ba daga ido take ba: Abin da ya kamata ku sani game da raunin sashen gani na ƙwaƙwalwar dabbobi

Idan aka ce dabba ta makance, ido ake fara dubawa: ko yana ce ta rufe shi, ko hakiya ta fito, ko ƙaya ta tsone shi. Sau da yawa kuwa a nan matsalar take. Amma akwai makantar da za a duba ido a same shi garau, baƙin tsakiyarsa yana tsukewa idan an haska masa tocila, dabbar kuma tana ta karo da bango. Irin wannan daga ƙwaƙwalwa take tasowa, daga sashen da ke can wajen ƙeya, wanda ke karɓar saƙon ido ya mayar da shi hoto mai ma'ana.

Masana sun shafe kusan shekara 150 suna binciken abin da ke faruwa idan wannan sashe ya samu rauni a karnuka, kyanwoyi, ɓeraye da birai. Abin da suka gano shi ne gani ba aiki ɗaya ba ne. Gane mene ne abu daban, sanin inda yake daban, lura da motsinsa daban, sanin cewa ana ganin sa ma daban. Rauni yakan ɗauke wasu daga cikin waɗannan ya bar wasu, kuma yawan asarar ya danganta da irin dabbar, da shekarunta, da girman wurin da ya lalace.

Hanyar da saƙo ke bi daga ido

Haske yana shiga ido ya sauka a kan wani tantani mai laushi da ke shimfiɗe a can ƙuryar ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira ratina. A nan ake juya shi ya zama saƙon lantarki, jijiyar gani ta kwashe shi zuwa cikin kai. A jikin mutum, kowace jijiyar gani tana ɗauke da zarurruka fiye da miliyan ɗaya. Jijiyoyin idanun biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda wasu zarurrukan ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren. A mutum da biri kusan rabi ne ke tsallakawa. A kyanwa wajen kashi 65 cikin 100 ne, a kare wajen kashi 75, a doki da saniya da tunkiya kuwa, masu idanu a gefe-gefe, kashi 80 zuwa 90 ne. Shi ya sa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke kula da abin da ke dama da dabba, na dama kuma yake kula da hagunta.

A biri da mutum, mafi yawan zarurrukan suna yada zango a wani curi da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus. Daga nan ake miƙa saƙon zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan ta waje mai lanƙwashe-lanƙwashe. Yankin da ke fara karɓa shi masana ke kira V1, kuma taswira ce ta duk abin da ke gaban ido: kowane ɗigo a cikinsa yana da gurbin da yake kula da shi. Wani likitan ido ɗan Japan, Tatsuji Inouye, ya zana wannan taswira a 1909 bayan ya duba sojojin da harsashi ya ratsa ƙeyarsu a yaƙin Japan da Rasha. Ya lura cewa inda harsashi ya bi shi ke nuna gefen da soja zai daina gani.

Aikin da V1 ke yi ya fito fili ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da David Hubel da Torsten Wiesel suka saka siririyar waya a ƙwaƙwalwar kyanwa a Amurka suna sauraron ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya. Sun ga cewa wata ƙwaya ba ta amsawa sai layi na tsaye ya gitta, wata sai na kwance, wata sai na karkace, wata kuma sai layin yana tafiya wata fuska. Da waɗannan gutsattsarin layuka ƙwaƙwalwa ke fara harhaɗa siffar abu. Aikin ya sa sun samu kyautar Nobel a 1981.

Sai dai wannan ba ita kaɗai ce hanya ba. Wasu zarurrukan suna ratsewa zuwa wasu 'yan tuddai biyu da ke saman gindin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, masu suna kolikulus. A kifi da kwaɗo da tsuntsu, wannan wuri shi ne babbar cibiyar gani. Aikinsa irin na mai gadi ne a ƙofar gida: da ya hango gilmawa zai waiga, ya san ta ina aka ɓullo, amma sai mai gida ne ya san ko wane ne baƙon. Akwai kuma wata 'yar hanya ta uku da ke tsuke baƙin ido idan haske ya yi yawa, ita ma ba ta biyawa ta ɓawon ƙwaƙwalwa.

Karnukan Munk

Wanda ya tabbatar da cewa a ƙeya gani yake shi ne Hermann Munk, wani masanin aikin jiki da ke koyarwa a makarantar likitancin dabbobi ta Balin, a Jamus. A ƙarshen shekarun 1870 ya riƙa cire wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwar karnuka a ɓangarorin biyu. Bayan sun warke, karnukan suna yawo a ɗaki suna kauce wa tebur da kujera. Amma a ajiye wa kare kwanon ruwa yana jin ƙishirwa, sai ya wuce shi. A ɗaga masa bulalar da a da ke sa shi gudu, ko gezau. Nama ma sai ya sansana yake sanin nama ne. Munk ya kira wannan makantar hankali, ya kuma lura cewa cikin makonni karnukan kan sake koyon gane abubuwa. Idan kuwa ya cire yankin baki ɗaya, kare yakan zama kamar makaho sosai. A birai ya nuna cewa cire ɓangare ɗaya yana ɗauke rabin gani a idanun biyu, wato gefen da ke kishiyar raunin.

Kowace dabba da irin asararta

Da aka ci gaba da gwaji a wasu dabbobi, sai aka ga abin ba bai ɗaya ba ne. Karl Lashley ya nuna a shekarun 1930 cewa ɓeran da aka cire wa sashen gani yana iya bambanta haske da duhu, amma ya daina bambanta siffofi. Idan kuwa aka bar masa ɗan guntu kaɗan, sai ya ci gaba da bambanta su.

A 1969 Gerald Schneider ya yi wani gwaji da hamsta, wata 'yar dabba dangin ɓera. Waɗanda ya cire wa sashen gani suna juyawa daidai wajen ƙwayar abincin da aka miƙo musu, amma sun kasa koyon bambanta ƙofa mai zanen layuka da mai ɗige-ɗige. Waɗanda ya yanke wa kolikulus kuwa akasin haka suka yi: suna bambanta zane, amma ba sa juyawa wajen abinci sai ya taɓa gashin bakinsu. Nan ne aka ga ƙarara cewa gane abu da sanin inda yake ba wuri ɗaya suke ba.

Kyanwa takan yi asara mai sauƙi idan V1 kaɗai aka taɓa, domin talamus ɗinta yana aika saƙo kai tsaye zuwa wasu yankunan da ke maƙwabtaka da shi. Tana yawo, tana gane manyan siffofi, abin da ke raguwa shi ne kaifin gani wajen ƙananan bambance-bambance. Biri ne ya fi shan wahala, domin kusan duk saƙon da ke zuwa ɓawon ƙwaƙwalwarsa ta V1 yake bi. A farkon shekarun 1940 Heinrich Klüver na Jami'ar Chicago ya kammala da cewa birin da ya rasa wannan sashe bai rage da komai ba sai sanin yawan hasken da ke shiga idonsa. Haka aka riƙe zancen sama da shekara ashirin.

Birinyar da ta sauya tunanin masana

A 1965, a Jami'ar Cambridge da ke Ingila, Lawrence Weiskrantz ya cire kusan dukkan V1 na wata birinya da aka sa wa suna Helen. Ta daɗe tana zaune kamar makauniya, ba ta ko ƙoƙarin kallon komai. Sai wani ɗalibi mai suna Nicholas Humphrey ya fara zama da ita yana wasa da ita. Ya lura cewa idan ya kaɗa ɗan guntun tuffa a gabanta takan kai hannu wajen, da farko da kuskure, daga baya daidai.

Shekara bakwai ya yi yana aiki da ita, har yana fita da ita yawo da igiya. A ƙarshe Helen tana ratsa ɗaki mai cike da shingaye ba tare da ta yi karo ba, tana tsintar ƙananan busassun 'ya'yan inabi a ƙasa. Baƙon da ya gan ta ba zai ce akwai abin da ke damun ta ba. Amma ba ta taɓa dawo da gane abu da ido ba. Ta san akwai wani abu a can, ta san nisansa, ba ta san ko mene ne ba sai ta taɓa ko ta kai baki. Idan kuma ta tsorata, sai ganin ya gudu, ta koma lalube. Humphrey ya wallafa labarinta a 1974.

Shin dabbar ta san tana gani?

A wannan shekara ta 1974 Weiskrantz da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani majinyaci a Landan, wanda aka sakaya sunansa da haruffan DB. An yi masa tiyata a ɓangaren dama na ƙeya, ya daina ganin gefen hagu. Idan aka haska ɗigon haske a wannan gefe yakan ce bai ga komai ba. Amma idan aka ce ya yi cinke ya nuna inda yake, sai ya nuna daidai, har ya bambanta layin tsaye da na kwance, yana ta nanata cewa shi kam kintace kawai yake yi. Wannan shi aka sa wa suna gani a makance.

Mutum yana da bakin da zai faɗa. Biri fa? Alan Cowey na Jami'ar Oxford da Petra Stoerig sun samo dabarar tambayar sa, suka wallafa a 1995. Birai ne da aka cire wa V1 a ɓangare ɗaya. A gwajin farko, haske yana bayyana a kan allo, biri ya taɓa inda ya bayyana ya samu lada. Ko a gefen da ya makance, kusan kullum suna taɓa daidai. A gwaji na biyu aka koya musu cewa wani lokaci babu hasken da zai fito, idan haka ta faru su taɓa wani akwati na daban mai nufin babu komai. Da aka haska musu ɗigo a gefen da ya makance, sai suka riƙa taɓa akwatin babu komai. Hasken da hannunsu ke iya samu, su a wurinsu bai bayyana ba.

Binciken da aka yi daga baya a Amurka da Japan ya nuna cewa wannan ragowar gani tana dogara ne da kolikulus da kuma wasu 'yan zarurrukan da ke tashi daga talamus su tsallake V1 zuwa yankunan da ke gaba da shi. Idan aka kashe aikin ɗaya daga cikinsu da magani na ɗan lokaci, ragowar ma sai ta ɓace.

Idan raunin ya wuce V1

Bayan V1 akwai yankuna da dama, kowanne da abin da ya fi ƙwarewa a kai. A 1982 Leslie Ungerleider da Mortimer Mishkin suka kasa su gida biyu bisa gwaje-gwajen birai: hanyar da ke gangarawa wajen kunne tana gane mene ne abu, wadda ke hawa wajen tsakar kai tana kula da inda yake. Tun a ƙarshen shekarun 1930 Klüver da Paul Bucy sun ga biran da aka cire wa yankin wajen kunne suna ɗaukar duk abin da suka tarar su kai baki, har abin da a da suke gudu. A 1988 William Newsome da Edmond Paré suka lalata wani ɗan yanki mai suna MT. Biran sun ci gaba da ganin zane lafiya, amma gane ta wace fuska ɗige-ɗige ke tafiya a allo ya yi musu wuya.

Mafi ban mamaki shi ne abin da James Sprague ya gani a 1966 a Jami'ar Pennsylvania. Kyanwar da aka cire wa babban yanki a ɓangaren dama takan daina kula duk abin da ke hagu. Da ya ƙara cire kolikulus na hagu, sai ta dawo tana waigawa hagu. Rauni na biyu ya rage illar na farko. Bayanin da aka yi shi ne tuddan biyu suna danne juna. Na dama ya rasa tallafin da yake samu daga sama, na hagu ya fi ƙarfinsa. Da aka kawar da mai dannewar, sai ya farfaɗo. Ke nan wani ɓangare na makantar ba mutuwar wuri ba ne, rinjaye ne.

Yarinta tana da tasiri

Raunin da ya samu dabba tana jaririya bai kai wanda ya same ta bayan ta girma illa ba. An ga haka a 'ya'yan kyanwa, an kuma gani a biran da aka yi wa tiyata suna 'yan makonni: hanyoyin gefe, waɗanda bisa al'ada kan ragu yayin da dabba ke girma, sai su ƙara ƙarfi su ɗauki wani ɓangare na aikin.

Amma wannan laushi yana da nasa haɗarin. A 1963 Hubel da Wiesel suka rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa na wasu watanni. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kusan duk ƙwayoyin V1 sun koma sauraron ɗaya idon, kyanwar ba ta gani da wanda aka rufe. Babbar kyanwa kuwa ko an rufe mata na tsawon lokaci ba ta yin wannan asara. Lokacin haɗarin yana farawa ne wajen mako na huɗu ya kai kusan wata uku. Wannan bincike na daga dalilan da suka sa likitocin ido ke gaggauta yi wa jaririn da aka haifa da yana aiki, suke kuma matsa wa iyaye su kai yaro mai harara-garke asibiti tun yana ƙarami.

Abin da ya shafi mai kiwo

Ba a ɗakin gwaji kaɗai ake samun wannan makanta ba. Tana faruwa a garke, musamman ga raguna da awaki da maruƙan da ake turkawa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin dabba su ke samar mata da bitamin B1, wanda ɓawon ƙwaƙwalwa ke buƙata ƙwarai. Idan aka ɗauke rago daga ciyawa aka cika masa gaba da hatsi da dusa a tashi ɗaya, kamar yadda wasu ke yi in layya ta matso, tsarin tumbin yakan rikice, bitamin ɗin ya yi ƙaranci, ɓawon ƙwaƙwalwa ya kumbura ya fara lalacewa. Yawan farar wuta a ruwa ko abinci ma yana jawo haka, gubar dalma kuma, wadda maruƙa kan samu idan sun lashi tsohon batirin mota, tana kawo alamu masu kama da waɗannan. Dabbar takan ware daga garke, ta ɗaga kai tana kallon sama, ta tokare goshi da bango, daga baya ta faɗi tana shure-shure.

Akwai kuma tsilar kare. Ƙwanta yana fita a kashin kare, tunkiya ta ci a ciyawa, tsutsar ta isa ƙwaƙwalwa ta yi jakar ruwa. Irin wannan tunkiya takan riƙa zagaye gefe ɗaya, sau da yawa ba ta gani da idon da ke kishiyar jakar.

Likitan dabbobi yana rarrabe makantar ido da ta ƙwaƙwalwa da gwaji biyu. Zai kai hannu wajen ido kamar zai doka, ba tare da ya taɓa gashin ido ko ya kaɗa iska ba. Ƙiftawar da dabba ke yi a nan sai da ɓawon ƙwaƙwalwa. Sannan zai haska tocila ya ga ko baƙin ido zai tsuke. Idan bai ƙifta ba amma ya tsuke, hankalin likita zai koma kan ƙwaƙwalwa. Sai dai ɗan rago ko maraƙin da bai wuce 'yan kwanaki ba bai koyi wannan ƙiftawa ba tukuna, don haka ba a yanke masa hukunci da ita.

Idan ƙarancin bitamin B1 ne, allurarsa takan tayar da dabba cikin awoyi ko kwana ɗaya in an yi da wuri, gani kuma ya biyo baya cikin kwanaki ko makonni. Jinkiri ne ke mayar da makantar ta dindindin, domin ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa. Saboda haka a nemi likita ko malamin dabbobi a ranar da aka ga alamar, a kai dabbar inuwa nesa da rijiya da rami, kuma kada a tura mata hannu a baki, domin ciwon haukan kare ma yana zuwa da alamu irin waɗannan. Dabbar da ake zargin ta sha dalma kada a yanka a ci, kada a sha nononta, sai likita ya duba. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne: a riƙa ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin makonni tare da isasshiyar harawa ko ciyawa, a kwashe tsofaffin batura daga inda dabbobi ke kiwo, a ba karnukan garke maganin tsutsa a kai a kai, kan tunkiyar da ta mutu tana zagaye kuma a ƙone shi ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare.